Yadda Za Ka San Kuɗin Magani da Ingancinsa Kafin Ka Kwanta a Asibiti

Kusan duk abin da mutum zai saya a rayuwarsa, sai ya ji kuɗinsa, ya jujjuya kayan, sannan ya yanke shawarar saye ko fasawa. A asibiti kuwa al'amarin yakan zo a birkice, domin sai an gama aiki ana shirin sallama ake miƙo takardar kuɗi, kuma ko a wannan lokacin mara lafiya ba shi da hanyar sanin ko kulawar da ya samu ta kai yadda ya kamata. Ba lallai ne a ce da gangan ake ɓoye masa ba. Likita ya san abin da mara lafiya bai sani ba, zafin ciwo ba ya barin mutum ya tsaya dogon nazari, sannan a manyan asibitoci shi kansa likitan sau da yawa bai san nawa ofishin kuɗi zai rubuta a kan aikin da ya yi ba. Ko ma mene ne dalili, nauyin a kan mara lafiya da iyalinsa yake ƙarewa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2023 ya nuna cewa a shekarar 2019 kimanin mutum biliyan 1 ne suka kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na kasafin gidansu wajen neman lafiya daga aljihunsu. Ta fannin inganci kuma, wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2018 ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, mutum miliyan 5 ne ke mutuwa a shekara saboda rashin ingancin kulawar da suka samu, adadin da ya zarce miliyan 3.6 da ke mutuwa saboda ba su je asibitin ba ma.

Saboda haka tambayar kuɗi da tambayar inganci tare ake yin su, kuma kafin a fara aiki ake yin su. Sai dai a lura cewa wannan shawara ta shafi jinyar da ake iya tsara lokacinta ne, kamar aikin yanar ido, ko aikin ƙaba, ko haihuwar da aka shirya, ko gwaje-gwajen da likita ya rubuta. Idan ciwon ƙirji ne mai tsanani, ko zubar jini, ko alamar shanyewar ɓarin jiki, ko sarƙewar numfashi, ko naƙudar da ta zo da matsala, to babu zancen kwatanta farashi, a garzaya asibiti mafi kusa, lissafi ya biyo baya.

Ka fara da sanin sunan aikin

Ba ka iya kwatanta kuɗin abin da ba ka san sunansa ba. Ka roƙi likita ya rubuta maka sunan ciwon da sunan aikin da yake son yi, da lambar aikin idan asibitin yana amfani da lambobi, domin aiki ɗaya yakan kasance da hanyoyi daban-daban masu farashi daban-daban. Cire madaciya ta hanyar yanka ciki daban yake da cire ta ta ƙananan huji da na'ura, kuma kwanakin da za a yi a gado ma sun bambanta. A wannan zaman kuma ka tambaye shi ko akwai wata hanyar magani mafi sauƙi, da abin da zai faru idan aka jinkirta ko aka fasa, da haɗarin da ke tattare da aikin. Idan aikin babba ne, neman ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne ga na farko, kuma likitan da ya amince da aikinsa ba ya jin haushin hakan.

Neman ƙiyasin kuɗi a rubuce

Daga wurin likita sai ofishin kuɗi. Abin da za ka nema shi ne ƙiyasi a rubuce, mai ɗauke da kwanan wata da sunan wanda ya ba da shi, wanda ya jero kowane abu da kuɗinsa. Maganar baki ba ta da amfani a ranar sallama, saboda wanda ya faɗa maka ƙila ba ya bakin aiki, ko ya ce ba haka yake nufi ba.

A nan ne mutane suka fi shiga ruɗani, domin adadin farko da ake faɗa wa mai tambaya galibi kuɗin hannun likitan tiyata ne kaɗai. Ɗauki aikin ƙaba, wanda ake ɗauka a matsayin ƙaramin aiki. Kafin a taɓa mara lafiya akwai kuɗin buɗe kati da na ganin likita, da gwajin jini, wani lokacin da hoton ƙirji ko awon bugun zuciya idan mutum ya manyanta. A ranar aiki akwai kuɗin ɗakin tiyata, da kuɗin likitan da zai sa barci ko ya yi allurar kashe zafi, da ragar da ake sakawa don toshe wurin, da zare, da safar hannu, da ledojin ƙarin ruwa. Bayan aiki akwai kuɗin gado na kowace rana, da kulawar ma'aikatan jinya, da magunguna, da wankin ciwo, da dawowa cire zare. Asibiti biyu suna iya faɗin adadi mabambanta sosai, amma da ka jera takardunsu sai ka tarar cewa mai arahar ya bar rabin waɗannan abubuwa ne a waje. Don haka kada ka tsaya a kan “nawa ne aikin?” kawai, ka ce: “Daga ranar da na shigo zuwa ranar da za a cire zare, mene ne zan biya wanda ba ya cikin wannan takarda?”

Ka tambaya kuma ko kuɗin dunƙule ne na dukan aikin, ko kuwa lissafin abu ɗaya-ɗaya ne da ke ƙaruwa gwargwadon abin da aka yi amfani da shi. Kuɗin dunƙule ya fi ba da kwanciyar hankali, amma sai ka san iyakarsa, wato kwana nawa ya ƙunsa, kuma wa zai biya idan aka samu matsala. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mutane suka fi jin nauyin yi, wataƙila don kada ta zama kamar mugun fata, alhali ita ce ta fi kowace tasiri ga aljihu. Ƙarin jini, da kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman, da komawa ɗakin tiyata karo na biyu, su ne suke mayar da lissafin da iyali suka shirya masa ya zama bashin shekaru. Idan an nemi kafin alƙalami, ka karɓi rasit, ka kuma tambayi yadda ake mayar da ragowar idan ba a cinye shi ba.

Yana da kyau ka san cewa aiki ɗaya a asibiti ɗaya yana iya samun farashi fiye da ɗaya, domin akwai wanda aka rubuta a jadawalin asibiti, da wanda ake yi wa mai biya nan take, da wanda kowane kamfanin inshora ya daidaita da asibitin. Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban wajen magance wannan. A Japan gwamnati ce ke tsayar da farashi guda na ayyukan da inshora ke biya a faɗin ƙasar, ana sabunta shi duk shekara biyu, saboda haka babu wani abin kwatantawa sosai tsakanin asibitoci. Amurka kuwa, inda farashi ke bambanta ƙwarai daga wannan asibiti zuwa wancan, ta wajabta wa asibitoci tun daga 1 ga Janairun 2021 su wallafa farashinsu a intanet, har da wanda suka daidaita da kamfanonin inshora, su kuma fitar da aƙalla ayyuka 300 da ake iya tsara lokacinsu a fasalin da talaka zai fahimta. Daga Janairun 2022 wata doka ta ƙara ba wa wanda ba shi da inshora, ko wanda ya zaɓi biya da kansa, haƙƙin karɓar ƙiyasi a rubuce, kuma idan takardar ƙarshe ta zarce ƙiyasin da dala 400 ko fiye yana iya ƙalubalantar ta. Darasin da ke cikin wannan shi ne ka bincika dokar ƙasar da kake jinya a cikinta, domin mai yiwuwa abin da kake roƙo a matsayin alfarma haƙƙinka ne. Inda babu irin wannan doka ma, babu abin da ya hana ka tambaya.

Mai inshorar lafiya yana da nasa aikin. Ya kira kamfanin kafin ranar aiki ya tabbatar da cewa asibitin yana cikin waɗanda suke hulɗa da su, haka ma likitan tiyata da likitan sa barci, saboda yakan faru asibiti ya kasance a cikin tsarin amma wani likitan da ke aiki a cikinsa ba ya ciki. Ya tambayi ko aikin yana buƙatar izini tun da wuri, da kason da zai biya da kansa, da iyakar abin da kamfanin zai biya a shekara, da ko akwai wa'adin jira ga sabon mai rajista. Lambar izinin da aka ba shi ya rubuta ta ya ajiye.

Magunguna

Kowane magani yana da sunansa na asali, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke tsarawa tun 1953, ban da sunan kasuwa da kamfani ke laƙaba masa. Panadol, alal misali, sunan kasuwa ne na parasitamol. Ka nemi likita ya rubuta sunan asali da ƙarfin maganin, sannan ka tambayi mai harhaɗa magunguna ko akwai na wani kamfani mai rajista da ya fi sauƙin kuɗi. Amma neman sauƙi ya tsaya a kantin da ke da lasisi, domin a 2017 hukumar ta ƙiyasta cewa 1 cikin kowane 10 na magunguna da kayan lafiya a ƙasashe masu tasowa ko dai jabu ne ko marar inganci. Duba lambar rajistar hukumar kula da magunguna da ranar ƙarewar wa'adi ba ya cin minti ɗaya.

Auna inganci

Wannan ɓangaren ya fi wuya, saboda kuɗi adadi ne da ake gani a takarda, inganci kuwa sai an tono shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar tsada a matsayin shaidar ƙwarewa. Na'urar sanyaya ɗaki, da talabijin a bango, da mai karɓar baƙi mai fara'a, duk abubuwa ne masu daɗi da ake biyan kuɗinsu, amma ba su ne ke hana ciwo ruɓewa bayan tiyata ba.

Wani masani mai suna Avedis Donabedian ya kawo a 1966 hanyar auna ingancin kulawa da har yanzu ake amfani da ita. Ya ce a duba abu uku: abin da asibiti yake da shi na ma'aikata da kayan aiki, da yadda ake gudanar da aikin, da kuma abin da ya samu marasa lafiya a ƙarshe. Mara lafiya yana iya bin wannan hanya ko da bai karanta likitanci ba.

A kan na farko, ka tabbatar asibitin yana da lasisin da bai ƙare ba, kuma likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasar a fannin da yake iƙirarin ƙwarewa, abin da hukumomi da dama suka sauƙaƙa dubawa a intanet. Ka tambayi ko akwai likita a asibitin da daddare, ko akwai iskar oksijin da jini a ajiye, da wutar lantarki ta ko-ta-kwana, da kuma inda suke tura mara lafiya idan abu ya fi ƙarfinsu da yadda suke kai shi. Idan wata hukuma mai zaman kanta ta tantance asibitin, ka duba shekarar da aka yi tantancewar, domin takardar da ta shekara goma a bango labarin da ya wuce take bayarwa. A Ingila hukumar da ke sa ido kan asibitoci, wadda ta fara aiki a 2009, tana ba su matsayi hawa huɗu daga mafi nagarta zuwa wanda ya gaza, tana kuma wallafa rahotonta kowa ya karanta. Ga ɗakin gwaje-gwaje, mizanin da aka sani a duniya shi ne ISO 15189.

Na biyun shi ne wanda idonka zai fi yi maka aiki. Ka zauna na ɗan lokaci a ɗakin marasa lafiya idan an ba ka dama, ka lura da ma'aikaciyar jinya tana tashi daga wannan gado zuwa wancan. Shin ta wanke hannu ko ta shafa sinadarin tsaftace hannu a tsakani? A gabanka aka yage ledar sabuwar allura? An tambayi mara lafiya sunansa kafin a ba shi magani, an rubuta lokacin a takardarsa? Waɗannan ƙananan abubuwa suna da alaƙa da babban lamari, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce a cikin kowane marasa lafiya 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe masu tasowa suna kamuwa da wata cuta a cikin asibitin. Idan tiyata ce, ka tambayi ko suna amfani da jerin tambayoyin kariya guda 19 da hukumar ta fitar a 2008, waɗanda ake bi kafin a sa barci, da kafin a yanka, da kafin a fita daga ɗakin tiyata, inda ake tabbatar da sunan mara lafiya da gefen da za a yi wa aiki, a kuma ƙirga kayan aiki kada a bar wani a ciki. A gwajin da aka yi a asibitoci 8 na ƙasashe daban-daban, wanda aka buga a 2009, mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsalolin bayan aiki kuma daga kashi 11 zuwa 7.

Na ukun, wato sakamako, shi ne ainihin abin da kake son sani, kuma shi ne ya fi sauƙin ruɗa mutum. Ka tambayi likita kai tsaye sau nawa yake yin wannan aikin a shekara, domin bincike ya daɗe da nuna cewa a manyan ayyuka masu wuya, kamar na maƙogwaro da na zuciya, wuraren da suke yawan yin su sun fi samun nasara. Ka tambayi nawa ne ciwonsu ya kamu da ƙwayoyin cuta, nawa ne aka sake kwantarwa cikin kwana 30, nawa ne suka rasu. Yadda aka amsa ma amsa ce. Likitan da ya ce bai taɓa samun matsala ba, ko dai ba ya ƙirgawa ko bai yi aikin da yawa ba, kuma a ganina wanda ya faɗi matsalolin da yake gamuwa da su da yadda yake magance su ya fi cancantar amincewa.

Idan ka samu alƙaluma a rubuce, ka karanta su da hattara ta fuska biyu. Ta farko ita ce yawan waɗanda aka ƙirga. A ɗauka, don misali kawai, wani likita ya yi aiki 10 aka rasa mutum 1, wato kashi 10 cikin 100 ke nan, amma da mutumin ya rayu da sai a ce sifili, saboda haka irin wannan adadi ba ya faɗin komai sosai, saɓanin adadin wanda ya yi aiki ɗaruruwa. Ta biyu ita ce irin marasa lafiyar da ake kai wa wurin. Babban asibitin da ake tura masa waɗanda suka gagari kowa dole ne adadin mace-macensa ya fi na ƙaramin asibitin da ke zaɓar masu sauƙi, shi ya sa rahoton kirki yakan daidaita alƙaluma gwargwadon shekarun marasa lafiya da tsananin ciwonsu. Jihar New York ta fara wallafa sakamakon tiyatar zuciya na asibitoci da likitoci tun farkon shekarun 1990, kuma tun lokacin ake muhawara a kan ko hakan ya sa wasu likitocin suna guje wa marasa lafiya masu haɗari don kare sunansu. Ra'ayoyin da mutane ke rubutawa a intanet kuwa suna da amfani wajen sanin tsawon jira, da tsafta, da yadda ma'aikata ke mu'amala, amma ba sa auna ƙwarewar hannu.

Lokacin jinya da ranar sallama

Mara lafiya ba ya iya sa ido a kan lissafi yana kwance, don haka a wakilta mutum ɗaya daga cikin masu jinya ya riƙe ƙaramin littafi. Ya rubuta kowane gwaji da aka yi, da kowace ledar ruwa ko jini da aka ɗaura, da likitocin da suka shigo dubawa, ya kuma nemi a nuna masa lissafi duk bayan kwana ɗaya ko biyu maimakon ya jira ƙarshe. Idan likita ya ce za a ƙara wani abu da ba ya cikin ƙiyasi, a tambayi dalili da kuɗinsa a lokacin. Takardar amincewa da tiyata daban take da takardar ɗaukar nauyin biyan kuɗi, kowace a karanta ta kafin a sa hannu, kuma kada a sa hannu a kan takardar da aka bar gurabenta a buɗe.

A ranar sallama ka nemi lissafi dalla-dalla, ba jimla kaɗai ba, ka ajiye shi kusa da ƙiyasin farko da littafin mai jinya. Kurakuran da aka fi samu su ne rubuta abu ɗaya sau biyu, da cajin maganin da aka rubuta amma aka dakatar kafin a ba da shi, da ƙarin kwanan gado, da kayan da suke cikin kuɗin dunƙule amma aka sake lissafa su daban. Ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ba ka gane ba, ka nemi bayani cikin ladabi, domin mafi yawan waɗannan kurakurai ofishin kuɗi yakan gyara su da zarar an nuna masa. Idan lissafin daidai ne amma ya fi ƙarfinka, ka tambayi ko akwai sashen tallafa wa marasa ƙarfi, ko rangwame, ko biya kaɗan-kaɗan, kuma duk abin da aka amince a kai a rubuta shi.

Kada ka bar asibitin ba tare da takardar sallama ba, wadda ta bayyana ciwon, da aikin da aka yi, da magungunan da za a ci gaba da sha, da alamomin da za su sa a dawo cikin gaggawa, tare da kwafin sakamakon gwaje-gwaje, saboda kada wani asibitin ya sa ka sake biyan kuɗin gwajin da ka riga ka yi. Idan kuma an kasa warware saɓani, ka rubuta ƙorafi ga hukumar asibitin da kwanan wata da kwafin rasit-rasit, ka riƙe na asali a hannunka. In ba a amsa ba sai ka ɗaga maganar gaba: abin da ya shafi halin likita ko aikinsa ya tafi hukumar rajistar likitoci, abin da ya shafi asibitin ya tafi hukumar da ta ba shi lasisi, rigimar biyan kuɗi da kamfani kuma ta tafi hukumar kula da inshora ko ta kare haƙƙin masu saye.